Yadda ake busa harmonika da salon buluz, da yadda ake shigar da ita kiɗan zamani

Harmonika ƴar ƙaramar aba ce, tsawonta kamar santimita 10, kuma mai fara koyo yakan ɗauke ta abin hurawa kawai. A buluz kuwa, wato kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, galibin aikin zuƙa ne. Iska ciki take shiga, a hankali, ta kafofin ƙasa masu kaurin murya, kuma siffar cikin bakinka ce ke gyara sautin, ƙarfin huhu ba ya ƙara komai. Duk abin da ke biye a kan wannan aka gina shi.

Wadda za a saya

Nemi mai kafa goma a jere ɗaya, wadda aka buga lamba 1 zuwa 10 a murfinta, da harafin C a gefe. Idan ka ga doguwa mai jere biyu na kafofi a cikin kayan wasan yara a babbar kasuwa, ka bar ta. Kowane sautinta fallaye biyu ne, wato siraran ƙarafan da iska ke kaɗawa, ke fitar da shi don ya riƙa rawa, kuma ba da ita ake koyon buluz ba. Masu kyau sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano, ko a saya ta intanet. Kamfanin Hohner, wanda aka kafa a Jamus a 1857, shi ke yin Marine Band tun 1896, kuma da ita tsofaffin makaɗan buluz na Amurka suka yi suna. Sai dai tsakiyarta itace ce. Yawu ya kumbura ta, iskar hunturu ta busar da ita, bakin kafofin ya turo waje yana yanka leɓe. A yanayin Maraɗi mai tsakiyar roba ta fi sauƙin riƙo: Special 20 ta Hohner ɗin, ko Lee Oskar, ko ɗaya daga cikin na Suzuki. Easttop ta Sin ta fi araha kuma tana aiki.

A ciki akwai fallayen tagulla sirara guda ashirin, biyu a kowace kafa, ɗaya na hurawa ɗaya na zuƙa. A nan h na nufin hurawa, z na nufin zuƙa, sai lambar kafa ta biyo. Haruffan sauti kuwa, ga wanda ya saba da Do Re Mi: C shi ne Do, D Re, E Mi, F Fa, G Sol, A La, B Si. A harmonika mai muryar C, daga kafa ta 1 zuwa ta 10:

Hurawa: C E G C E G C E G C
Zuƙa: D G B D F A B D F A

Lura da abu biyu. Sautin z2 da na h3 ɗaya ne, G. Sannan a kafofi ukun farko babu F kuma babu A. Waɗannan sai an lanƙwaso su, wato a saukar da sautin kafa ta hanyar canza siffar cikin baki.

Riƙo, numfashi da sauti guda

Riƙe ta da hannun hagu tsakanin babban yatsa da manuni, lambobi a sama, kafa ta 1 a hagu. Ka ja yatsun can baya don leɓe ya samu wuri. Hannun dama ya rufe bayanta, tafuka biyu su haɗu su zama ƙoƙo.

Tura ta cikin baki sosai, jiƙaƙƙen ɓangaren leɓe ya hau murfi sama da ƙasa. Rufe kafa ta 1, 2 da 3 gaba ɗaya, ka yi numfashi ta cikinta yadda kake yi in kana zaune kana hutawa. Ɗora hannu a ciki: in ka zuƙa ciki ya taso, kafaɗu su zauna inda suke. Yi zuƙa biyu, hurawa biyu, kana faɗin "ta-ka" ba tare da murya ba, ka fara da bugu 60 a minti kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne kiɗan jirgin ƙasa da DeFord Bailey da Sonny Terry suka shahara da shi, kuma minti biyar ɗinsa kullum ya fi kowane atisaye gyara numfashi.

Sauti guda ana fitar da shi ta hanya biyu. Ta farko, ka tsuke gefen baki kamar mai shirin fito, amma harmonikar na nan cikin baki, ka ɗan ɗaga bayanta sama yadda leɓen ƙasa zai toshe kafofin da ke gefe. Fara da h4 da z4. In ka ji sauti biyu, ka rage faɗin bakin daga gefe. Kada ka janye ta zuwa bakin leɓe, don nan sauti ke sirancewa iska na tsiyaya. Hanya ta biyu toshewa ce da harshe, za ta zo a gaba.

Kusan kowane sabon shiga yana rantsuwa cewa kafa ta 2 ta harmonikarsa ta lalace, don in ya zuƙa sai ta shaƙe ko ta yi gunji. Lafiyarta lau. Fallen z2 dogo ne, yana son fili a baki. Sauke haɓa kamar mai hamma, kwantar da harshe, rage ƙarfin zuƙa da rabi, ka bar iska kaɗan ta bi ta hanci. Kada ka wuce nan sai z2 ta fita garau, domin ita ce gidan buluz.

Mazauni na biyu

Harmonika mai muryar C, in ka ɗauki C a matsayin gida, wato sautin da kiɗan ke komowa ya huta a kai, kana mazauni na ɗaya. Makaɗan buluz G suke ɗauka, wato z2, shi ne mazauni na biyu. Dalilin a fili yake: z2, z3, z4 da z5 suna ba da G, B, D, F, akor ɗin (wato sautukan da ake bugawa tare) da buluz ke tsaye a kai, kuma duka kafofin zuƙa ne, ukun farkonsu ana iya lanƙwasa su. John Lee Williamson, Sonny Boy na farko, wanda ya fara fitar da faifai a 1937, yana cikin waɗanda suka sa wannan mazauni ya zama ƙa'ida.

Saboda haka kafin a fara kiɗa ka tambayi mai gita muryar da zai buga. In G ce, ɗauko C. In E ce, ɗauko A. In A ce, D. In D ce, G. In C ce, F. In F ce, B♭ (alamar ♭ na nufin sautin ya sauka da rabin mataki, ♯ kuma ya hau da rabin mataki). Masu gita suna son E da A, don haka bayan C sai ka sayi A, sannan D.

Lanƙwasa sauti

Nan ne aikin yake, kuma ya kamata ka san abin da ke faruwa a ciki kafin ka fara kokawa da shi. Fallaye biyun da ke kafa ɗaya ba sautinsu ɗaya ba. Daga kafa ta 1 zuwa ta 6 na zuƙa ya fi na hurawa tsayin sauti, daga ta 7 zuwa ta 10 na hurawa ne a sama. In ka daidaita filin cikin bakinka da wani sauti da ke tsakanin biyun, fallen sama zai sauko, na ƙasa ya fara kaɗawa tare da shi, har ya karɓe yawancin aikin a ƙarshen lanƙwasar. Kullum na sama ake saukarwa, kuma iyakarsa kamar rabin mataki (tazarar da ke tsakanin Mi da Fa) a saman na ƙasa. Ka ga ke nan zurfin lanƙwasa tazarar fallayen ce ke yanke shi:

z1: D zuwa D♭
z2: G zuwa G♭, sannan F
z3: B zuwa B♭, A, sannan A♭
z4: D zuwa D♭
z6: A zuwa A♭
h8: E zuwa E♭
h9: G zuwa G♭
h10: C zuwa B, sannan B♭

Kafa ta 5 (E da F) da ta 7 (C da B) rabin mataki ne kawai tsakaninsu, babu cikakken sautin da zai fito. Mai dagewa sai ya lanƙwasa z5 har ƙasa, fallen kawai yake gajiyarwa.

Fara da z4. Ajiye harmonikar tukuna, ka yi fito kana jan iska ciki, ka saukar da sautin fiton daga sama zuwa ƙasa. Kula da abin da harshe ya yi: ya ja baya, tsakiyarsa ya ɗan taso. Motsin ke nan. Yanzu ka faɗi "ku" kana zuƙa, ka tsaya daidai inda bayan harshe ya taɓa rufin baki wajen furta "k". Sake shi kaɗan don iska ta wuce ta ƴar matsattsar hanya. Ɗauki harmonikar, zuƙi z4 garau da bakin "iii", sannan a hankali ka mai da shi "uuu" kana jan wannan matsewar baya, haɓa na sauka. Sautin zai yi duhu, ya yi kamar zai mutu, sai ya faɗa ƙasa. Riƙe shi daƙiƙa uku, ka sake shi ya hau a hankali.

In ya ƙi, duba abubuwa huɗu. Na ɗaya hanci: lanƙwasa ba ta yiwuwa iska na bi ta hanci. Matse hancin da yatsa, in sautin ya canza to da ma yana yoyo. Na biyu, kafar gefe na shigowa, sai ka koma ka gyara sauti guda. Na uku, harshe ya toshe hanya gaba ɗaya, sautin ya ɗauke ɗif, sai ka sassauta. Na huɗu shi ne ƙarfi. Zuƙa da ƙarfi tana iya saukar da sauti kaɗan har mutum ya ɗauka ya iya, amma sautin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ita ce ke kashe fallen z4 da wuri. Lanƙwasa ta gaskiya ana yin ta da iskar da ba za ta tada mai barci a ɗaki ɗaya ba.

Kunne yana ruɗin mai shi a farkon koyo. Sauke manhajar daidaita sauti irin ta masu gita a salula, ka ajiye ta gabanka. A z4 ya kamata allon ya tashi daga D ya tsaya a D♭ (wasu manhajojin C♯ suke rubutawa, abu ɗaya ne).

Daga z4 ka je z6, inda matsewar ke gaba-gaba kusa da tsakiyar baki. Sannan z2 da z1, inda take komawa can baya, haɓa a sauke ƙwarai, don sauti mai kauri babban fili yake so. Ka bar z3 a ƙarshe, ka ba ta lokaci mai yawa, domin matakai uku gare ta kuma dole kowane ya tsaya da ƙafarsa. Ana rubuta su z3' (B♭), z3'' (A) da z3''' (A♭). Atisayen: z3, z3', z3'', z3''', ka dawo sama, kowane bugu biyu. In wannan ya zauna, koyi faɗawa kan z3' kai tsaye ba tare da ka zamo daga sama ba, ta hanyar shirya bakin kafin iska ta shiga da furta "ku" a farkon sautin. A buluz z3' ba lallai ta kai B♭ cif ba. Gwanaye sukan tsayar da ita tsakanin B da B♭, kuma wannan ɗan tsakanin ne ke ba kiɗan ɗacinsa. Abin da ba a yafewa shi ne barin z3 a miƙe lokacin da makaɗa ke kan akor ɗin C, nan sai ta sauko sosai.

Lanƙwasar hurawa ta h8, h9 da h10 da gaban harshe ake yi, filin ƙarami ne kusa da haƙora, kamar mai furta "sh". Ta fi sauƙi a harmonika mai kaurin murya irin A ko G. Salon Jimmy Reed ke nan, a mazauni na ɗaya.

Tsanin buluz da gaɓa goma sha biyu

Tsanin, wato jerin sautukan da ake gina kiɗan da su, shi ne z2, z3', h4, z4', z4, z5, h6, wato G, B♭, C, D♭, D, F, G. A ƙasa kuma akwai z2'' (F) da z1 (D). Hau, sauko, har ya zama ba ka tunani.

Waƙar buluz zagaye take yi na gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. A muryar G: gaɓa huɗu kan akor ɗin G, biyu kan C, biyu kan G, ɗaya kan D, ɗaya kan C, ɗaya kan G, ta ƙarshe kan D don a koma farko. Sa mai gita ya buga maka, kai kuma ka riƙe tushen kowane akor kawai: z2 a kan G, h4 a kan C, z4 ko z1 a kan D. In ka daina ɓacewa, sai ka sa jimla. Ga ɗaya ta kan G: z4', z4, z5, z4, z3', z2. Ga ta rufe zagaye: z2, z2'', z1, z1. Bugun ba a raba shi biyu daidai, na farko dogo ne na biyu gajere, "taa-ta taa-ta".

Aikinka a bayan mawaƙi amshi ne. Yakan ci gaɓa biyu yana waƙa, ya bar maka biyu. Mai busa a kan muryar mawaƙi, komai gwanintarsa, ba a sake gayyatarsa.

Da yake zuƙa ta yi yawa, huhu zai cika har ka ji kamar za ka shaƙe. Duk lokacin da ka zo sautin hurawa, bar iska ta fita ta hanci tare da shi. Ko ka musanya z2 da h3 inda ba a bukatar lanƙwasa.

Harshe, maƙogwaro da hannu

Toshewa da harshe ita ce sirrin kaurin busar makaɗan buluz na birnin Shikago a Amurka. Buɗe baki ya rufe kafa huɗu, ka ɗora saman gaban harshe (ba tsininsa ba) a kan ukun hagu, ta dama kaɗai ta yi sauti. In ka fara da harshe a ɗage, kafofin duka suka yi ƙara, sannan ka buga shi a kansu da sauri, za ka ji akor ya fashe ya bar sauti guda. Toshe biyun tsakiya kuma, ka bar gefe da gefe: h1 da h4, h2 da h5, h3 da h6 duk sauti ɗaya ne ƙasa da sama, haka z1 da z4. Amma z2 da z5 G ne da F, haɗi mai kaushi da buluz ke so. Saurari Big Walter Horton don wannan.

Karkaɗa tsakanin z4 da z5 ana yin ta da girgiza kai ko hannu kaɗan, iska ɗaya ba yankewa. Rawar sauti daga maƙogwaro take: ka yi kamar ƙaramin tari a jere kana zuƙa, "u-u-u-u", a hankali tukuna. Kukan "wa-wa" kuwa buɗe ƙoƙon hannu ne da rufewa, kuma ba ya fita sai rufewar ta toshe sosai, har da kumatunka a gefen dama.

Kiɗan zamani

Yawancin kiɗan gita irin na Agadas da na arewacin Mali yana tafiya ne a kan sauti biyar, yana daɗewa kan akor ɗaya. Mazauni na uku ne ya dace da shi, kuma ba ya bukatar lanƙwasa ko ɗaya: z4, z5, h6, z6, h7, z8, wato D, F, G, A, C, D. Gidan mataki ɗaya ne a saman harafin harmonika. C tana ba da D, G tana ba da A, D tana ba da E, A tana ba da B. Ƙara z6' in kana son ɗanɗanon buluz. Yi hattara da z3 da z7, don B ɗin nan yakan yi karo da waƙoƙi da yawa masu wannan zubi. In waƙar mai walwala ce irin ta biki, gwada h4, z4, h5, h6, z6, h7 a mazauni na ɗaya. Ismaël Lô na Senegal, wanda aka haifa a Dogon Dutsi a 1956, yana rataya harmonika a maƙalin wuya yana kaɗa gita, kuma busarsa misali ce ta yadda sautuka kaɗan masu tsawo ke wadatar da waƙa.

A situdiyo inda aka haɗa kiɗa da fiyano ko kwamfuta, tambayi muryar waƙar, kuma ka tabbatar ba a ɗaga ta da maɓalli ba bayan an faɗa maka. Marine Band an ɗan sassauto wasu sautukanta, musamman z5, don akor ya yi daɗi, sai su ji kamar sun kauce a gefen fiyano. Lee Oskar da Golden Melody daidaitarsu irin ta fiyano ce, sun fi dacewa da wannan aiki.

Sautukan da lanƙwasa ba ta kaiwa, akwai dabarar da Howard Levy ya yaɗa: a hura kafa ta 4, 5 ko 6 da bakin lanƙwasa har fallen hurawa ya shaƙe, na zuƙa ya tashi da rabin mataki a saman sautinsa, a samu E♭, F♯ da B♭. Sai an rage tazarar fallayen, kuma ba aikin shekarar farko ba ne. Wanda jaz ko waƙoƙi masu yawan sauya murya suka fi ja, gara ya nemi mai maɓalli a gefe, mai kafa 12 ko 16, irin ta Stevie Wonder da Toots Thielemans.

Gaban mikro

Little Walter ne ya sa harmonika ta yi gogayya da gitar lantarki, ta hanyar dunƙule ƙaramin mikro tare da ita a tafin hannu ya haɗa da ampili, wato na'urar ƙara sauti. Kiɗansa "Juke" na 1952, a muryar E da harmonikar A, ya kai matsayi na ɗaya a jerin faifan da suka fi tashe na wannan nau'in kiɗa a mujallar Billboard ta Amurka. Mikron da aka saba da su su ne Shure 520 da Astatic JT-30, amma na waƙa ma yana yi. Riƙe kan mikron da yatsu ukun ƙarshe na hagu, ka bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninsa da harmonika, dama ta rufe ruf. Rufewar ce ke kawo kauri da ɗan kaushin nan. A ampili rage sirin sauti, ƙara kauri, ɗaga ƙara a hankali har ya fara kuwwa, ka mai da shi baya kaɗan. Tsaya a gefensa, kada mikro ya fuskanci lasifika.

Kula da gyara

Kurkure baki kafin busa. Shayi mai sukari yana manne fallaye, ɓurɓushin goro, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli kuma yana maƙalewa tsakanin falle da raminsa. In ka gama, buga ta a tafin hannu kafofi na kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska kafin ka rufe a akwatinta. Da hunturu kada ta kwana a buɗe ko a aljihu tsirara, ƙura na shiga. Da bazara kada a bar ta a rana ko ƙarƙashin sirdin babur. Ba a aron ta, saboda cututtukan da yawu ke ɗauka.

In kafa ta ɗauke farat ɗaya, yawanci gashin baki ne ko ƙwayar yashi. Kwance murfin da ƙaramin sukurdireba irin na masu gyaran salula, ka ɗaga bakin fallen a hankali da tsinken sakace, ka zare dattin daga gindi zuwa baki, kada ka tura shi gefe. Mai tsakiyar roba ana kwance ta duka a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da tsohon buroshi mai laushi, ana bin tsawon fallen. Mai itace ba a jiƙa ta.

Tazarar bakin falle daga farantinsa ta zama kamar kaurin fallen kansa. In ta yi yawa, iska na wucewa kafin sauti ya tashi, sai ka danna shi ƙasa kaɗan sau biyu ko uku ka gwada. In ta yi kaɗan, yana shaƙewa da ka ƙara ƙarfi, sai ka ɗaga shi. Fallen da ya kauce kaɗan ana gyara shi da takardar yashi mai laushi: kankare bakin yana ɗaga sauti, kankare gindin yana saukar da shi, a sa siririyar takarda a ƙarƙashi don tallafi, a riƙa dubawa da manhaja bayan kowace shafa biyu. Amma in sauti ya faɗi da kansa sosai kuma yana ci gaba da faɗuwa, tagullar ta tsage a gindi, kankara ba za ta tsai da shi ba. Daina busa wannan kafa don kada guntun ya ɓalle ya shiga baki. Lee Oskar da Special 20 ana sayar da farantan fallayensu daban, sai a kwance tsofaffin a ɗaura sababbi, a ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa gefe ba tare da matsewa da yawa ba, don farantin kada ya lanƙwashe ya riƙa yoyon iska.